Ƙofar Auta da Tauraron da Ya Fashe

Litinin, bayan la'asar

Mun samu ɗaya yau. Dogo, abokin aikina, shi ya fara ganinsa, ya buga teburi har shayina ya zube a kan takardu. Na ce masa idan kowane ɗigo sai ya zubar min da shayi, gara ya bar binciken taurari ya koma kiwon kaji. Ɗigo ne ƙarami a gefen wani gungun taurari da ko a hoto da ƙyar ake ganinsa. Amma a hoton bara babu shi, a na yau ga shi. Aikin ke nan kullum: mu ɗora sabon hoto a kan tsoho, kwamfuta ta share duk abin da suka yi tarayya a kai, abin da ya rage shi ne sabo.

Dogo ya ce tauraro ne ya fashe, shi ya rantse. Na ce ya adana rantsuwarsa. Ba a yanke hukunci da gani ɗaya, bakina har ya gaji da faɗa wa ɗalibai. A gani, a sake gani, a ƙara gani, sannan a buɗe baki.

Na dawo gida na tarar da akwatin Auta a falo. Ba a yi hutu ba, jarrabawarta ta ƙarshe ma a gabanta take. Babansu ya ce da azahar ta iso, ta gaishe shi, ta shige ɗakinta. Ya ce mata lafiya? Ta ce lafiya.

Na tsaya a bakin ƙofarta, fitila a kunne. Na ce bari ta huta, hanya ce mai nisa.

Talata, da asuba

Ba ta fito ba.

Laraba, bayan la'asar

Mutane suna ɗauka a kan dutse nake kwana ina leƙen sama da bargo a wuya. Ina! Madubin hangen nesan yana can wani ɓangaren duniya a kan dutsensa, ni kuwa ina hawa na biyu a ofis, tsakanin allon kwamfuta uku da fankar da ke kuka. Idan hantsi ya yi a nan, can dare ne. Akwai wani ma'aikaci a kan dutsen da ke juya mana madubin, Direba muke kiransa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma na san tarinsa kamar na Babansu.

Ɗigon ya ƙara haske. Gani na biyu ke nan.

Auta ta ɗauki farantin da na ajiye mata a ƙofa. Rabin shinkafar ta dawo, ba ta taɓa kifin ba. Ta ci ayaba ɗaya.

Alhamis, da magariba

Na gan ta. Ta fito za ta banɗaki ina fitowa daga kicin. Ta ce, “Sannu da gida, Mama.” Na ce, “Yauwa Auta, ya gajiyar hanya?” Kamar wata baƙuwa ce ta sauka. Ta rame, gashinta duk ya cukurkuɗe, yarinyar da ba ta fita ko shago sai ta tsaya gaban madubi har raina ya ɓaci.

Babansu ya ɗauko akwatin kayan aikinsa yana gyaran famfon da lafiyarsa ƙalau. Haka yake idan abu ya dame shi. Lokacin da aka yi min aiki a asibiti, duk ƙofofin gidan nan sai da ya sa musu mai.

Na ce masa, “Ka tambaye ta mana.” Ya ce, “Dakta, ke ce uwa.” Idan ya kira ni Dakta, to turo min aiki yake.

Asabar, da hantsi

Ƙawarta ta ɗaki a makaranta ta kira ni. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta gaishe ni ya fi sau uku. Daga ƙarshe ta ce Auta ta daɗe da daina shiga aji, wani abu ya faru, amma ita ba za ta iya faɗa ba, Auta ce za ta faɗa da bakinta. Na ce mata na gode, Allah ya yi albarka. Ta ce, “Mama, don Allah kada a bar ta ita kaɗai.” Ta kashe wayar kafin in ce me take nufi.

Na san me take nufi. A'a, ban sani ba. Magana ɗaya ce daga bakin yarinya guda.

Na wanke labulayen falo.

Litinin, bayan la'asar

Gani na uku, kuma hasken ɗigon yana hawa daidai yadda ya kamata. Na ce wa Dogo to, yanzu ya buga teburinsa. Ya buga.

Wata sabuwar ɗaliba ta tambaye ni me ya sa muke wahala a kan waɗannan. Na ji daɗin tambayar, don ta ba ni abin da zan yi da bakina. Na ce mata akwai wani irin tauraro da idan ya fashe, kusan duk haskensu ɗaya ne, kamar ƙwan fitila daga kamfani guda. Idan ka ga ɗaya ya dushe, ka san nisansa. Da aka tara su da yawa aka auna, sai aka ga sararin samaniya faɗaɗa yake, kuma gudun faɗaɗar ƙaruwa yake yi maimakon ya ragu. Wani abu ne ke tura shi. Ba mu san ko mene ne ba, shi ya sa muka raɗa masa suna ɓoyayyen ƙarfi, don kada a ce ba mu ce komai ba. Ta yi dariya. Na ce ba wasa nake ba, rayuwata kaf a kan abin da ban san shi ba na ƙarar da ita.

Wannan namu yana da nisa ƙwarai. Haskensa ya taso tun kafin a yi duniyar nan, sai makon jiya ya iso. Irinsa muke nema ruwa a jallo.

Auta shayi ta sha, da burodi yanka biyu. Fitilarta a kunne har na kwanta.

Talata, da asuba

Na tsaya a ƙofar. Na ji motsi. Na wuce.

Laraba, da magariba

Yaya ta zo, wadda nake bi. Babansu ne ya kira ta bai gaya min ba, munafuki. Yaya ta yi shekaru tana aikin jinya kafin ta ajiye, kuma har yau duk ɗakin da ta shiga ɗakin marasa lafiya ne a wajenta. Ko zama ba ta yi ba, ta ajiye jaka ta ce, “Ina 'yata?” Ta tura ƙofar Auta ta shige, ko sallama ban ji ta yi ba. Wallahi sai da gabana ya faɗi, kamar ta taka min wani abu mai fashewa.

Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

Ta ce, “Duk maganin da ke gidan nan ki kwashe, ki sa a motarki, ki kulle.”

Na ce, “Haba Yaya.”

Ta ce, “Ba haba. Kuma akwai tambaya ɗaya da za ki yi mata. Kai tsaye, da sunan abin, ba kwana-kwana.” Ta faɗa min tambayar. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Na ce ita me ya sa ba ta yi ba, tunda ita ce gwana? Ta ce ta yi, Auta ta juya fuska bango ta ce, Inna kada ki ɗaga wa Mama hankali, tana da aiki. “Kin ji? Ke take karewa. Idan ba daga bakinki ta fito ba, ba za ta amsa wa kowa ba.”

Na ce ba zan jefa wa yarinya irin wannan magana a kan zato ba. Idan babu abin a ranta fa, ni in sa mata? Yaya ta ce tambaya ba ta sa wa mutum wannan, ta ga ɗaruruwa, ba ta taɓa ganin wanda tambaya ta cutar ba. Na ce a bar ni in ƙara lura da ita tukuna, sai na tabbata.

Yaya ta kalle ni irin kallon da take min tun ina yarinya idan na ɓoye hannu a baya. Ta ce, “Malama mai taurari, wane tabbaci kike jira? Irin wannan tabbacin ranar da ya zo ba shi da sauran amfani.”

Na ji haushinta sosai. Na ce mata shayinta ya huce.

Alhamis, da asuba

Na kwashe magungunan. Har na hawan jinin Babansu, yanzu a mota yake zuwa ya sha. Bai tambaye ni dalili ba.

Juma'a, bayan la'asar

An ba mu rabin dare a babban madubi ranar Talata. Dogo har rawa ya taka. Hoto kawai ba ya isa, dole a warware hasken tauraron zuwa launukansa kamar bakan gizo, a nan ne ake gane ko irin wanda muke nema ne, a kuma auna yadda faɗaɗar sarari ta ja haskensa zuwa ja. In ba a yi ba, ba zai shiga lissafi ba, duk wahalarmu ta tashi a banza. Kuma sai yana kan ganiyarsa ake iya yi, da ya fara dushewa shi ke nan.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na yi murna na kusan awa guda, sannan na tuna.

A mota na buɗe wayata ina kallon hotunanta na bara, ranar da ta ci gasar zanen gini, tana riƙe da ɗan ƙaramin gidan kwali tana dariya har ana ganin haƙorinta mai karaya. Na yi ta kwatanta su da fuskar da na gani a bakin banɗaki. Na kama kaina ina yi mata abin da muke yi wa sama, ina cire tsohon hoto daga sabo ko zan ga abin da ya rage. Ban ga komai ba sai rama.

Asabar, da magariba

Ƙwai ɗaya. Lemu rabi. Ta yi wanka.

Babansu ya koma kwana a kujerar falo, wai bayansa ne ke ciwo a katifa. Kujerar tana kallon ƙofarta.

Lahadi, da hantsi

Yaya ta kira. “Kin tambaya?” Na ce ta yi wanka jiya, kuma ta fi cin abinci. Ta ce, “Ba shi na tambaye ki ba.” Ta ce ta yi magana da wata likita da ta sani, mai ganin irin wannan, ƙofarta a buɗe take duk ranar da muka shirya. Na faɗa wa Auta ta bayan ƙofa. Ta ce lafiyarta ƙalau, gajiya ce.

To ni ya zan yi? In ɗaure ta?

Litinin, da asuba

Na tsaya. Na ɗaga hannu. Na sauke.

Talata, da magariba

Gajimare ya rufe dutsen. Mun zauna tun hantsi, ni da Dogo da ɗalibai biyu, muna kallon allo baƙi. Direba yana ta tari yana cewa mu ƙara haƙuri, ko zai yaye. Bai yaye ba. Wajen azahar ya ce ya rufe rumfar madubi, ruwa ya fara sauka. Dogo ya kifa kansa a teburi. An ce za a ba mu wani rabin dare ranar Juma'a, daga nan wata zai yi haske, ba sauran dama.

Na taho gida da wuri, lokacin da ba a saba ganina ba. Babansu ya fita sayen wani ƙarfe da ba ma buƙata.

Tun daga bakin ƙofa na ji ƙamshin albasa. Auta ce a kicin, tana soya ƙwai, rediyo a kunne ƙasa-ƙasa, taga a buɗe. Ƙafarta ɗaya ma tana ɗan bin kiɗan. Na tsaya ina kallon bayanta, daɗi ya cika ni har wuya. Sai ta juyo ta gan ni. Ta kashe gas, ta kashe rediyo.

Na ce, “Ci gaba mana.”

Ta ce, “Na gama.” Ƙwan ko rabi bai soyu ba.

Na ce ashe tana fitowa. Ta ce eh, idan ba kowa. Na ce, ko dai idan ba ni? Ta hau goge cokalin da ba shi da datti. Can ta ce, “Mama, idan kina gida ji nake kamar auna ni ake yi. Kina duba farantina. Kina duba fuskata. Ko ruwa na sha sai in ga kamar kin rubuta.”

Kuma na rubuta ɗin.

Ta ɗauki farantin ta wuce ta gefena. Tambayar tana bakina, wallahi tana kan harshena. Abin da ya fito shi ne, “Akwai burodi sabo a leda.” Ta ce to.

Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka, na farko tun zuwanta. Da na ji motar Babansu na tashi na wanke kaskon.

Laraba, da asuba

Ban duba farantin ba. Na rufe ido na zuba a shara. Amma hannuna ya ji nauyinsa.

Alhamis, bayan la'asar

Tauraron ya kai ganiyarsa, ko dab da ita. Lissafin Dogo da nawa sun zo ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Mun shirya komai na gobe: taurarin da Direba zai bi ya kai ga namu, tsawon kowane ɗauka, abin da za a yi idan iska ta taso. Na sa Dogo ya maimaita min tsarin sau biyu, ya ce yau kuma me ya same ni, shi da ya yi wannan ba adadi. Na ce ya maimaita dai.

A hanya na yi ta tunanin maganar Auta. Gaskiya ta faɗa. Ni ban iya komai ba sai tsayawa nesa in karɓi abin da ya iso gare ni. Tauraro ba a taɓa shi, ba a tambayarsa, ana jiransa ne. Kuma duk abin da na gani a madubi ya riga ya faru, an gama, ba abin da zan iya hanawa, shi ya sa ban taɓa jin tsoron aikina ba. Yarinyar nan kuwa taku kaɗan ne tsakanin ɗakina da nata.

Tsoro nake ji. Na rubuta, ga shi nan. Tsoron amsar nake ji, ba wai tabbaci nake jira ba. Yaya ta sani tun ranar farko, shi ya sa na ji haushinta.

Juma'a, da magariba

Zan rubuta yadda ya faru, a hankali.

Na shirya da hantsi, jaka a kafaɗa, makullin mota a hannu. Babansu yana waje yana wanke motar da ya wanke jiya. Na tsaya a ƙofarta kamar kullum.

Sai na ji muryarta daga ciki. “Mama, ina ganin ƙafafunki.”

Na dubi ƙafafuna.

Ta ce, “Kullum ina gani ta ƙasan ƙofa. Ki zo ki tsaya, ki tsaya, ki tafi. Ina ƙirgawa.”

Na tura ƙofar. Ashe ba ta taɓa sa makulli ba, duk kwanakin nan.

Ɗakin duhu, labule a sake, iska ba ta shiga. Tana kwance ta ba ni baya. Akwatinta ko buɗe shi ba a yi ba sai gefe guda. Na zauna a bakin gadon da jakata da takalmina. Na ce, “Auta, juyo.” Ta juyo. Idonta a bushe, wannan ya fi kuka tayar min da hankali.

Na ce mata zan tambaye ta wani abu, kuma duk amsar da ta ba ni ba zan yi ihu ba, ba zan yi faɗa ba, ba zan faɗi ba. Sannan na tambaye ta, da kalmomin da Yaya ta ba ni, ban rage ko ɗaya ba. Na ce, “Kina tunanin kashe kanki?”

Na ji muryata kamar ta wata mata.

Ta daɗe tana kallona. Wayata ta fara ruri a jaka, Dogo ne, na san sautinsa. Ta ce, “Ana kiranki.” Na ce na ji. Ta katse, ta sake farawa. Na ciro ta na kashe gaba ɗaya na ajiye a ƙasa.

Ta ce, “Eh.”

Ta ce, “A makaranta ya fi yawa. Shi ya sa na taho gida. Amma har yanzu yana zuwa, musamman da safe.”

Da safe. Lokacin da nake tsayawa in wuce.

Ban yi ihu ba, na cika alkawari. Na cire takalmina na hau gadon na rungume ta, ƙasusuwan bayanta duk a hannuna. Na ce na gode da ta faɗa min. Na ce na gode da ta taho gida. Ban san sau nawa na faɗa ba. Sai a lokacin ta fashe da kuka, irin kukan da rabona da jinsa tun tana goye, har da shessheƙa. Ta ce ta ɗauka zan ce ta ba ni kunya. Na ce kunyar me, ni da na yi makonni ina gadin katako?

Ta faɗa min abin da ya faru a makaranta. Ba duka ba, na sani. Wanda ta faɗa nata ne, ba zai shiga littafin nan ba.

Babansu ya leƙo ya gan mu, ya koma. Na ji yana fyace hanci a tsakar gida. Can ya dawo da shayi kofi uku, ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ya ce, “Uwata, gobe za mu je wajen likitar Innarki, mu ukun.” Ta ce to.

Asabar, bayan la'asar

Mun je. Likitar ƙaramar mace ce mai magana a hankali. Ta ga Auta ita kaɗai, ta daɗe, sannan ta kira mu. Ta ce abin yana da magani, amma ba na kwana biyu ba ne, za a yi ta hawa da sauka. Ta ce kada a bar ta ita kaɗai a yanzu, kuma kada a zuba mata ido kamar ɓarauniya. Na ce Likita, to ya ake haɗa waɗannan biyun? Ta ce, “Ki zauna kusa da ita ki yi harkarki. Idan kina son sani, ki tambaya.”

Yaya ta kira. Ta wayar Babansu, don tawa a kashe take. Na ce na tambaya. Ta ce, “Allah ya yi miki albarka, ƙanwata.” Ko gori ɗaya ba ta yi min ba, abin har ya ba ni tsoro.

Litinin, da hantsi

Na kunna waya. Saƙon Dogo ya fi ashirin, daga ina kike, zuwa lafiya dai, zuwa mun fara, zuwa mun samu. Shi da Direba da ɗalibai sun yi komai. Irin wanda muke nema ne, kuma ya fi duk wanda muka taɓa samu nisa. Ashe madubi yana juyawa ko ba ni, ikon Allah.

Na kira shi na ce na ɗauki hutu, ban san ranar dawowa ba. Ya ce, “Auta ce?” Na ce eh. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce zai riƙa turo min awon in ina so, na ce ya turo, ina so.

Laraba, da magariba

Na shimfiɗa katifa a ɗakinta. Ta ce ina munshari. Ƙarya take, ubanta ne take ji daga falo.

Asabar, da asuba

Jiya ba ta tashi daga gado ba sam. Na tambaye ta, ta ce tunanin yana nan amma da nisa. Na zauna gefenta na gyara takardar wata ɗaliba.

Talata, bayan la'asar

Tauraron ya fara dushewa, yana sauka a hankali yadda na nesa suke yi. Dogo ya ce ɗigonmu ya faɗa inda ake zato a kan zanen awon faɗaɗar sarari, bai warware komai ba, bai ɓata komai ba. Ɓoyayyen ƙarfi yana nan a ɓoyensa. Sai an tara wasu ɗaruruwa irinsa.

Mun koma wajen likita. An ɗan canza magani. Auta ta ce makaranta sai baɗi, ubanta ya ce ko baɗin baɗi.

Alhamis, da azahar

Ina falo da kwamfuta a cinya ina duba abin da Dogo ya turo. Auta tana ɗaki, ƙofa a buɗe, na bar ta tana barci. Ban ji takunta ba, sai ganinta na yi tsaye a kaina da bargo a kafaɗa.

Ta ce, “Mama, yau ba daɗi. Ya dawo kusa.”

Ban tambaye ta ba. Da ƙafarta ta taso, da bakinta ta faɗa. Ban taɓa jin mummunan labarin da ya sanyaya min rai haka ba, Allah na tuba.

Na rufe kwamfutar na ajiye a ƙasa. Na ce, “In kira likita, ko mu fara zama?” Ta ce mu fara zama, in bai sauka ba zuwa la'asar a kira. Na matsa mata. Ta kwanta ta ɗora kanta a cinyata, da nauyinta duka, ƙatuwar budurwa.

Tana nan har yanzu. Da hannu ɗaya nake rubutu, ƙafata ta mutu tun ɗazu, kuma ba zan motsa ba.